Beben Harafi a Allon Baje Koli

(Kiɗan buɗe shiri, a rage shi a hankali)

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Agye da Cadawa, da na Gazawa da Gangara, da na Gidan Rumji, Tsibirin Gobir, Cadakori da Gidan Sori, da duk wanda muryar nan ta iske, ko a gona, ko a rumfar kasuwa, ko cikin mota bisa babbar hanya. Gaisuwa ta musamman ga malaman makaranta da masu rubuta alluna, don yau da ku za mu fi yi.

Kalma ɗaya tak muka ɗauko, ta harshen Ingilishi. Da gangan na ce Ingilishi, tunda a nan wajenmu in mutum ya ce Turanci, sau da yawa Faransanci yake nufi. Kafin mu taɓa ta, kowa ya nemi abin rubutu. Mai bik da kaye ya ɗauko. Wanda ba shi da su ya share ƙasa a gabansa ya sami tsinke, ko ya ɗauki gawayi ya matsa kusa da bango. Rediyo ba ya nuna harafi, dole sai kun ara mini hannuwanku. Direbobi kuwa ku riƙe sitiyarinku, ku bar wa yaron mota rubutun.

Kalmar ita ce wadda masu harshen ke furtawa "eksibishin". Ana kiran ta ne in an fito da kaya bainar jama'a don a zo a gani: amfanin gona, dabbobi, aikin hannu, hotuna, kayan tarihi. Baje koli ke nan a bakinmu, ko nuni. To bisimilla, kowa ya rubuta ta yadda yake tsammanin ana rubuta ta da Ingilishi. Eksibishin.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla. Yanzu ku ƙirga haruffan da kuka rubuta. Wanda ya sami tara yana da abokan tafiya da yawa, amma ya baro ɗaya a hanya. Goma ne cif. Zan kira su da sunayen da muka koya a lakwal, ku bi ni a hankali: e, iks, ash, i, be, i, te, i, o, en. Exhibition. Na ukun nan, ash, wanda muke fara rubuta "hatsi" da "hanya" da shi, shi ne ake yawan yarwa. A rubuta exibition, a kafa a bakin hanya, kowa ya kama gabansa.

Na san akwai dattijon da ke zaune bisa tabarma yanzu yana cewa, "Yaro, mu da ke fama da Faransanci, ina ruwanmu da Ingilishi?" Baba, a yi haƙuri, da ruwanmu har da tsaki. Gundumar Gazawa, wadda aka cire daga jikin Agye a 2011, kafaɗa da kafaɗa take da jihar Katsina. Gidan Rumji ma iyaka take da Najeriya, kuma tun 2019 ta sauki dubban ƴan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, cikinsu har da yaran da suka fara boko da Ingilishi. Ayar Cadawa da Agye, da riɗi, da wake, da jar akuyar Maraɗi, ina suke nufa in sun bar kasuwanninmu? Galibi kudu. Ga aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya da aka ƙaddamar a 2021. Sannan kundin da aka ayyana a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗanka tun daga sizyam yake karanta Ingilishi, kuma zai tarar da shi a jarrabawar BEPC.

Mu bar batun doka, mu zo na tukunya. Ƙungiyoyin matanmu masu matsar man gyaɗa da soya ƙuli-ƙuli, da masaƙa, da dukawa, suna kai kayansu Yamai wajen baje kolin SAHEL na noma da kiwo, ko SAFEM na sana'o'in mata. Wasu suna ƙetarawa kasuwar baje koli ta Kano ko ta Kaduna. Can takardar neman rumfa da Ingilishi take, allon da ke saman rumfar ma haka. Ko a gida, ku dubi Ɗan Saga ta ƙasar Agye, inda baƙi daga ƙasashe daban-daban ke zuwa ganin sassaben zamani, yadda manomi ke barin tohon kututture ya zama itace a cikin gonarsa. Baƙon nan, kafin ya ga gawo ko kalgo, allon da aka kafa masa zai fara karantawa.

To me ya sa harafin nan ke zubewa a hannunmu? Saboda ba a furta shi. Mu kuwa rubutun Hausa ya sangarta mu, abin da baki ya faɗa shi hannu ke rubutawa. Ka ce "gero", haruffa huɗu, kowanne ka ji shi. Yaron da ya tashi a haka, kunnensa ne alƙalinsa, kuma a Hausa alƙalin nan ba ya cin hanci. Amma Ingilishi ya tara kalmominsa daga Latin, da Faransanci, da Girkanci, da tsohon harshen mutanen Ingila, furuci ya yi ta sauyawa shekaru aru-aru, rubutu ya tsaya inda aka bar shi. Wanda ya bi kunne a can zai sha kaye.

Kuma kada mu yi kamar yau muka fara gamuwa da harafin da ba ya magana. Mutumin Gidan Rumji, ɗaga kai ka dubi allon da ke mashigar garinku. Guidan Roumdji. Bayan harafin farko akwai u. Ka taɓa jin wanda ya ce "Guwidan"? Ba a furta shi, amma yana da aiki: a ƙa'idar Faransanci in babu shi sai a karanta "Jidan". Haka na cikin Aguié. Kullum muna cika takardun haihuwa da na ɗan ƙasa da waɗannan sunaye, ba wanda ya ce tunda ba a jin u a cire shi. In ma ka cire, a ofishin magajin gari za a maido maka da takardarka. To haka ash yake a exhibition. Bebe ne, amma ɗan gida ne, ranar rabon gado ba a tsallake shi.

Ga inda ya sami gadon. Kalmar daga Latin ta fito, gaɓa biyu aka haɗa: ex, wato waje, da habere, wato riƙe. Ka riƙo abu ka fito da shi waje a gani. Ash ɗin shi ne harafin farko na gaɓa ta biyu. Tana da ƴan'uwa da suka fito ciki ɗaya: prohibit, wato hana, da inhibit, wato danne ko taƙaita. A waɗannan biyun ana jin sa sarai, "furohibit", "inhibit". Ɗalibi in ya yi kokwanto ya tuna da su. Wutsiyarsu ɗaya, ash, i, be, i, te, kan ne kawai ya bambanta.

Dabarar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce. Lokacin rubutu, ka karanta kalmar a zuciyarka da Hausa zalla, kamar ba ka taɓa jin Bature ya furta ta ba: eks, hi, bi, ti, on. Ku faɗa tare da ni. Eks, hi, bi, ti, on. Hi, bi, ti: i uku a jere, kowanne da baƙinsa a gaba. Wannan ya kashe tsuntsu biyu, domin kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne hadiye i na ƙarshe, a rubuta exhibiton. In ka zo magana kuma ka koma "eksibishin", kada ka je gaban mutane kana "hi-bi-ti" su ɗauka tari ne ya sarƙe ka. Wutsiyar nan ta te, i, o, en, ba ta ba ɗan Nijar wuya, mun saba da ita a nation da éducation. A nan mun ɗan fi maƙwabtanmu sa'a.

Sai dai a yi hattara, kada daga yau a bi kowace kalma mai farawa da e da iks ana cusa mata ash. Exam babu shi, example babu shi, exercise babu shi. Exhaust, bututun hayaƙin mota, yana da shi, kuma can ma bebe ne. Babu wata doka da za ta raba maka su, sai ido da ƙamus.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na gyaran rubutu. Yanzu ku biyo ni mu leƙa rumfar mai rubuta alluna, kowace ce cikin waɗanda ke bakin tasha, mu ga yadda kuskure ke shiga fenti.

Ga farin ƙyalle an ɗaure shi tamau tsakanin ƙusa biyu. Ga gwangwanayen fenti, ja da shuɗi, ga buroshi a jiƙe cikin kananzir. Sai ga shugabar wata ƙungiyar mata ta iso da takarda ƴar yage daga kaye, an ninke ta huɗu.

"Sannu da aiki, Malam. Ga abin da za a rubuta, jibi da asuba motarmu za ta tashi."

"Sannu Hajiya. Haka yake daidai?"

"Ɗana ne ya rubuta, yana kolaj."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Malam ba zai musa wa ɗan kolaj ba. Ya ɗauki zare ya turbuɗa shi cikin garin alli, ya ja shi ya sake, layi ya fito a miƙe. Sannan ya ƙirga haruffa don ya raba musu wuri daidai wa daida. A nan gizo ke saƙar. Ya ƙirga tara, ya raba faɗin ƙyallen gida tara. In an gama fenti ya bushe, wani malamin Ingilishi ya zo wucewa ya ce an bar harafi, ina za a sa shi? Babu gurbi. Sai dai a rataya wani ɗan ƙaramin ash a sama tsakanin iks da i, ko a shafe da farin fenti a sake, tsohon rubutu yana leƙowa ta ƙasa. Ko kuma Hajiya ta sake sayen ƙyalle ta sake biyan aiki, kuɗin da ya kamata ya shiga asusun ƙungiya.

Laifin wa? A ganina kowa ya ɗauki nasa, amma mai buroshi ya fi ɗaukar kaso babba, don shi ne na ƙarshe da kalmar ta bi ta hannunsa, kuma sunansa da lambarsa ke ƙasan allon. Tela ba ya yanka sai ya sake awo. Mai rubutu ma ya fara zana kalmar da alli, ya ɗauki hotonta da salula, ya tura wa wanda ya san harshen, sannan ya buɗe gwangwani.

Kada masu buga alluna da kwamfuta su yi dariya, naku ya fi yawa. Kun dogara da jan layin nan da na'ura ke ja ƙarƙashin kalmar da ba daidai ba. To ku sani, manhajar Word, yadda take zuwa, ba ta duba kalmar da aka rubuta da manyan haruffa zalla, alluna kuwa kusan duk da manya ake rubuta su. Sannan kwamfutocinmu galibi a Faransanci aka saita su, in ka rubuta Ingilishi sai shafi ya cika da ja, ido ya saba, ya daina kula. Ka fara rubuta kalmar da ƙananan haruffa, ka sauya harshen dubawa zuwa Ingilishi, in ta wuce lafiya sannan ka girmama ta.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu mutanen iyaka kaɗai. Ɗan kasuwa a Gazawa ya kira mai ɗab'i a Katsina ko Kano, yana karanta masa haruffa ta waya. Shi ya yi lakwal, wancan ya yi makarantar Ingilishi. Harafin da muke kira "i", a bakin ɗan Najeriya sunan harafin e ne, nasu i ɗin "ai" suke ce masa. Namu "ash", su "ec" suka sani. Ka ce "i", ya rubuta e, sai a kawo maka kaya an buga exhebetion, ku yi ta rantse-rantse kowa na cewa shi ke da gaskiya, kuma duk kun yi gaskiya. Maganin wannan, kada a karanta haruffa da baki. A rubuta a tura ta WhatsApp, shi kuma ya turo hoton aikin kafin ya buga.

Malamai, ga wani abu da ya kamata ku tsaya a kai cikin aji. Faransanci ma yana da kalmar nan, haruffa goman nan ba ragi ba ƙari, amma ba wurin zamansu ɗaya ba. Baje kolin kaya a Faransanci exposition ne, ko foire in da saye da sayarwa. In ka ce exhibition da Faransanci, hankalin mai ji ya fi tafiya wajen nuna kai da fankama, wani lokaci ma nuna abin da ya kamata a suturta. Don haka wanda zai yi allo mai harshe biyu kada ya kwafe kalma ɗaya sama da ƙasa. Shi kuma Ingilishi yana da exposition, amma ya fi amfani da ita wajen dogon bayani, ko wajen manya-manyan bukukuwan nuni na duniya da ake taƙaitawa Expo, irin wanda aka yi a Dubai daga Oktoba 2021 zuwa Maris 2022. Abu guda da aka ajiye don a gani exhibit ne, har a kotu haka ake kiran abin da aka gabatar shaida. Mai baje kayan kuma exhibitor, da o kafin harafin ƙarshe. Shi ne za ku gani a saman takardar neman rumfa.

Bari in ɗan ratse, don tarihin nan yana da daɗi. Nunin da ya fitar da sunan kalmar nan a duniya shi ne wanda aka yi a Landan a 1851, cikin wani makeken gini na ƙarfe da gilashi a filin Hyde Park, ƙarƙashin jagorancin Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria. Shiga wajen miliyan shida aka ƙirga. A watan Janairu na wannan shekara ɗin dai, wani Bajamushe mai yawo da sunan gwamnatin Ingila, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa, ya biyo ta Gazawa, ya wuce Katsina da Kano. Da ya zo rubuta sunan Gazawa, da w ya rubuta shi, kamar yadda muke yi da Hausa. Wancan o da u na Gazaoua da ke allon hanya, daga baya Faransawa suka zo da su. A 1924 kuma aka yi wani nunin a Wembley, aka gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wuri mai kama da ganuwar biranen ƙasar Hausa, aka kai masu sana'ar hannu suna aiki ana kallo, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ma ya je ya gani da idonsa. Kayan Bahaushe sun daɗe suna zama ƙarƙashin allon da ke ɗauke da wannan kalma.

Saura namu na gida, don bai kamata mu gyara na wasu mu bar namu a karkace ba. Yaya ake rubuta "baje koli"? Da k marar ƙugiya. Koli shi ne ƙananan kayan da ɗan koli ke shimfiɗawa a kasuwa, allura, madubi, kwalli, zobe, turare. Shi kuwa ƙoli mai ƙugiya, can sama ke nan, kamar kotun ƙoli ko taron ƙoli na shugabanni. Ana ganin masu son nuna sun iya Hausa suna rubuta "baje ƙoli", sun ƙara ƙugiya inda babu. Wasu kuma su yi akasin haka, su zubar da ita ko'ina, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɗaki" ya koma "daki". Wannan ya fi na Ingilishin ciwo, don a can harafin bebe ne, in ya ɓace ma'ana tana nan, a nan kuwa ƙugiya ɗaya ke raba ƙasar haihuwa da macijiya. Ƙa'idar rubutun Hausa ta ƙasarmu tana nan tun 1999, da ɓ, da ɗ, da ƙ, da ƴ wanda maƙwabtanmu ke rubutawa da waƙafi a sama kafin y. Duk suna cikin salularku in kun saka allon rubutu na Hausa. Harshen da aka ɗaga ya zama na ƙasa bai cancanci a riƙa rubuta shi da ka ba.

(Kiɗan rufewa ya fara shigowa a hankali)

Lokaci ya tasa mu gaba. Malamin makaranta, gobe in ka shiga aji, ka ba yara kalmar nan shifta kafin ka buɗe darasi, ka ƙirga nawa suka kawo goma, sannan ka rubuta ta a allo ka ja layi ƙarƙashin harafi na uku. Masu rubuta alluna na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ku nemi lambar malamin Ingilishi ɗaya a kolaj mafi kusa ku ajiye, ba zai ƙi duba muku kalma biyu ba. Iyayenmu mata shugabannin ƙungiyoyi, kada ku biya cikon kuɗin aiki sai an nuna muku zanen alli kun kai an duba. Wanda kuma ya ga allo da kuskure a garinsu, ya sami mai shi a keɓe ya faɗa masa cikin mutunci, ba a tsakiyar kasuwa ba.

Wanda ya rubuta tasa a ƙasa, kafin ya share ya ƙara mata harafin da ya bari. Sai mako mai zuwa war haka in Allah ya kai mu. A huta lafiya.